Sai Mota Ta Amsa

Kafin masu shagunan layin kayan gyaran mota su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share gabansa, ya fito da teburinsa ƙarƙashin rumfar kwano, ya shimfiɗa masa farin tawul. Farin tawul fa, a layin da ko iskarsa warin baƙin mai take yi. Na taɓa tsokanarsa a kan haka, ya ce da ni notin cikin rimot ɗin mota bai fi ƙwayar yashi ba, in ya faɗi a kan baƙin katako sai dai a yi masa addu'a. Daga nan sai ya jera kayan aikinsa: 'yan ƙananan sukundireba, ƙarfen dalma, tsohon burushin haƙori, gilashin ƙara girma da ya ɗaure da zare, kwalin batira masu kama da maɓallin riga, da wani ɗan baƙin akwati da bai cika tafin hannu ba. Wannan akwatin shi yake kira Kunne. In aka danna rimot kusa da shi, wata 'yar fitila ce take kamawa a jikinsa, alamar rimot ɗin yana magana. Sai ya gama jerin nan kaf yake zuba shayi ya zauna.

Sunansa na gida ya daɗe da ɓacewa a layin. Baba Ta-Amsa kowa yake ce masa, har jikokinsa. Asalin abin, duk wanda ya gyara wa rimot, ba ya sallamarsa a bakin tebur. Sai ya taso ya raka shi har gaban mota, ya ce, "Danna." In mutum ya danna ya juya zai tafi, sai Baba ya riƙo hannun rigarsa. "Ina za ka? Ta amsa?" Sai ka tsaya ka ji ƙarar kulle, ka ga fitilu sun ƙifta, ka ja hannun ƙofa ka ji ta ƙi, sannan ya sake ka. Masu sauri suna jin haushinsa. Shi ko a jikinsa. Cewa yake yi dannawa ba ita ce kullewa ba, magana ce kawai ka yi, kuma mai hankali ba ya magana ya wuce bai ji amsa ba.

Ƙarshen watan nan zai naɗe tawul ɗin nan, domin idanunsa sun gaji, gilashin ma ya daina taimakonsa. Shi ya sa na ajiye ɗinkina na zauna rubuta wannan. Waɗanda suka san ni sun san ni ba mai yabon mutane ba ce, bakina ya fi gwanancewa a faɗa. Amma in na bar mutumin nan ya tafi gida shiru, ban kyauta ba.

Kowa a layin yana da labarinsa. Mai walda na kusa da shi ya ba ni na wata mata da ta zo hankali tashe, ta wanke rimot a aljihun wandon mijinta, tana so a yi mata sabo kafin ya dawo daga tafiya. Baba ya buɗe, ya cire batir, ya goge tsatsar da burushi, ya shanya allon cikinsa a inuwa, ya ce ta je ta dawo da yamma. Rimot ya tashi. Ya kuma ce mata, "Ki faɗa masa dai. In ya sake tsayawa a hanya gara ya san dalili." Mai faci kuma ya ba ni na wani da ya canja batir da kansa, ya zo yana rantsuwa an sayar masa da jabu. Baba ya juya batirin ya ɓare 'yar ledar da ke manne a bayansa, ya mayar, ya miƙa masa ba tare da ya yi ko murmushi ba, don kada mutumin ya ji kunya. Mutane nawa ne suka fara sanin akwai makullin ƙarfe a ɓoye cikin rimot ɗinsu a teburin nan? Nawa ya koya wa cewa in batirin rimot ya mutu a kara shi jikin botin tayar da mota, za ta tashi? Wani zai zo yana cewa rimot ya lalace, Baba ya zagaya motar ya tura but ɗin da bai rufu sosai ba, ya ce yanzu danna. Abin da zai sayar maka da sabo a kai, sai ya koya maka yadda ba za ka sake buƙatarsa ba.

Amma ni ba waɗannan ne suka zaunar da ni ba. Maganar ƙanena ce, Autanmu.

Auta direba ne, ya daɗe yana tuƙa wani mai shagon kayan gini. Tare suka fara tun shagon yana ɗan ɗaki, shi ya kai 'ya'yan mutumin makaranta har suka girma. Wata rana a daminar bara, maigidan ya aike shi kemis sayen magani. Ya yi fakin a gefen titi, ya shiga, ya fito, ya tarar jakar kwamfutar maigidan da ke kujerar baya babu ita. Gilashi bai fashe ba. Ba a ɓalle ƙofa ba. Makullin motar biyu ne, ɗaya a aljihun maigidan, ɗaya a hannun Auta. Kuma a cikin kwamfutar akwai aikin shago da hotunan marigayiyar matar mutumin, waɗanda ba shi da su a ko'ina.

Auta ya rantse ya danna rimot. Maigidan ya karɓi makullin a tsakar gidansa, gaban masu aiki, ya danna, mota ta kulle. Ya danna, ta buɗe. Ya maimaita har ya gaji. Bai kira 'yan sanda ba, bai yi zagi ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka roƙe ni, da na ba ka." Ya sa makullin a aljihu.

Wannan kalma ita ta kashe Auta a tsaye. Kafin mako ya zagayo labari ya kai inda direbobi suke zama jiran aiki. In ya iso, sai hira ta mutu. Wanda ya yi masa alkawarin mota ya daina ɗaga wayarsa. Direba ba shi da jari sai a yarda a miƙa masa makulli, kuma babu wanda zai sake miƙa wa Auta. Ya koma gida ya shige ɗaki, ko aski ya daina. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sake faɗa. Ranar da na ji 'yarsa ta dawo daga makaranta tana tambayar uwarta me ake nufi da ɗan hannu, ranar na ce ya isa. Na tasa shi gaba, Innarmu ta ce ba za a bar ta ba, muka nufi rumfar Baba.

Baba ya saurare mu bai katse kowa ba. Da muka gama, Inna ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Malam, mutumin nan yana jin maganarka, wurinka yake kawo makullansa. Ka ce masa rimot ɗin ne yake da matsala. Kalma ɗaya ce. Yaron nan yana da iyali."

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Baba. "Ban ga rimot ɗin ba tukuna. In na gan shi lafiya lau, lafiya lau zan ce. In na wanke ɗanki da ƙarya, ranar da aka gane, ya zama ɓarawo mai mashaidin ƙarya. Ki bar ni in nemo abin da ya faru."

Sai ya juya wajen Auta. Bai tambaye shi ko ya ɗauka ba. Tambayarsa ita ce a ina ya tsaya, gaban wace ƙofa, motar tana kallon ina, da wane lokaci, kuma yaya garin yake.

"Ruwa ake yi, Baba. Kamar da bakin ƙwarya."

"Ka danna?"

"Wallahi na danna."

"Ta amsa?"

Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce da gudu ya fita, rigarsa a ka, ta bayansa ya danna bai waiwaya ba.

"To," in ji Baba. "Mun sami bakin zare."

Washegari ya rufe teburinsa da rana tsaka, abin da mai walda ya ce bai taɓa gani ba, ya tafi shagon kayan gini. Maigidan ya ba shi rimot ɗin don girmansa. Baba ya buɗe a gabansa, ya auna batir, ya duba dalmar da ke riƙe da botin, ya duba robar, ya kara a Kunne. Ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau." Na ji labarin nan na ce shi ke nan, tsohon nan ya ƙarasa mu. Amma bai tsaya nan ba. Ya roƙi mutumin ya kai motar gaban kemis ɗin, daidai inda Auta ya tsaya. Tun da abin ya faru maigidan da kansa yake tuƙi, ya daina yarda da kowa. Ya yi ta ja, Baba ya zauna a kan buhun siminti ya ce ba shi da sauri. Da ya ga tsoho ba zai tashi ba, ya ɗauki makulli suka tafi.

Rana ce tarwai a ranar. Aka yi fakin, aka danna, mota ta amsa tun kafin a ɗaga yatsa.

"Ka gani, Baba?" in ji maigidan. "Ina ganin girmanka. Don Allah kada ka sake tayar mini da maganar nan."

Da wani ne, da ya tsaya a nan, kuma ba wanda zai zarge shi. Ba ɗansa ba ne, ba ɗan'uwansa ba, ba aikin da aka ba shi ba ne. Amma kai, Baba, sai ka koma kallon sama. Duk ranar da hadari ya haɗu, sai ka naɗe tawul, ka sa Kunne a leda, ka hau motar haya zuwa titin kemis ɗin nan. Mai kemis ta faɗa mini har ta fara tsoronka, tsoho yana sintiri a bakin kwata da ɗan akwati a hannu yana kara shi jikin bango. Sau da yawa hadarin ya watse ka dawo a bushe. Wata rana aka yi yayyafi, Kunne bai ce komai ba. 'Yan layi suka sa maka sabon suna, wai Mai Jiran Ruwa. Na zo da kaina na ce ka bari haka, kada sanyi ya kwantar da kai a kan abin da ba ya ƙarewa. Ka ɗago gilashinka ka dube ni.

"Yayar Auta, rimot raɗa yake yi wa mota. In wani abu yana ihu a kusa, ba za ta ji raɗar ba. Na taɓa ganin haka. A titin nan akwai mai ihu, kuma ruwa ne yake tashinsa. Ban gan shi ba ne kawai."

"In kuma babu fa?"

"In babu, zan zo in faɗa miki babu. Amma sai na duba na gama."

Ranar da aka tafka ruwa na gaske, da hantsi ne, ina kan keken ɗinki wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ya ce in zo da Auta yanzu, kuma in san yadda zan yi in kawo maigidan da motarsa, domin ya ƙi ɗaga masa waya.

Na tura Auta wurinsa, ni na nufi shagon kayan gini. Abin da na faɗa a shagon nan ba sai na maimaita shi a rubuce ba. Na dai tsaya a tsakiyar tayil ɗin da suke nuna wa masu saye, ruwa yana zuba daga zanena, na ce ba inda za ni sai da shi. Na ce tsoho mai jikoki yana tsaye a ruwa saboda kwamfutarka, kai kana zaune a kan kujera mai juyawa. Ya dube ni, ya dubi tabkin da na yi masa a ƙasa, ya ɗauki makulli.

Muka tarar da Baba a jikin katangar wani gida, ƙofa ta biyu daga kemis, ya jiƙe sharkaf. Yana da laima a hannu amma a naɗe. A tafinsa Kunne yana ci ja, ba ya ko ƙiftawa, alhali ba mai danna komai. Kusa da kafaɗarsa, a jikin ginshiƙin get, akwai wani tsohon botin ƙararrawar ƙofa irin marar waya, robarsa ta tsage, ruwan indararo yana sauka a kansa. Mai gadin gidan yana gefe yana ba da labari: wai duk ranar ruwa ƙararrawar takan kama kuka ita kaɗai ba ta tsayawa, har matar gidan ta gaji ta zare ta cikin gida daga soket ta jefa a durowa. Botin na waje kuwa aka manta da shi a bango da batirinsa. Ruwa yana shiga ya danne shi, yana ta kiran ƙararrawar da ba ta nan, ba mai ji sai motocin da suka tsaya kusa.

Na ce, "Baba, buɗe laimar mana, za ka kashe kanka."

Ya ce in ya buɗe za ta kare botin, in ya bushe kuma zai yi shiru, batirinsa ma ya kusa ƙarewa. Ba zai yarda shaidar ta mutu kafin maigidan ya gani da idonsa ba.

Ya sa maigidan ya yi fakin daidai inda Auta ya nuna. Ya ce kowa ya fito, a rufe ƙofofi. Sannan ya ce, "Kai da kanka. Danna."

Maigidan ya danna. Shiru. Ya matso ya sake dannawa. Shiru. Ya ɗaga rimot ɗin sama, ya girgiza shi, ya danna da ƙarfi har farcensa ya yi fari. Fitila ko ɗaya ba ta ƙifta ba. Baba ya ce ya ja ƙofar baya. Ya ja, ta buɗe salin-alin, ga kujerar da jakar ta zauna.

Sai Baba ya nemi izinin mai gadi, ya sa sukundireba ya ɓalle murfin botin. Sai da ya lalubi batirin da yatsa don idon ba ya gani. Ya zare shi. Fitilar Kunne ta mutu nan take.

"Danna."

Mota ta yi ƙara, fitilu suka ƙifta, muka ji kulle ya faɗa a ƙofofi huɗu.

"Ta amsa?" in ji Baba.

Maigidan ya gyaɗa kai.

Ni a lokacin so nake Baba ya wanke ƙanena tas, ya bar mutumin da kunyarsa. Bai yi haka ba. Ya ce, "Yaron nan ba ɓarawo ba ne. Ya danna kamar yadda ya rantse. Motar ce ba ta ji ba, wani mai wucewa ya gwada ƙofa ya same ta a buɗe. Amma shi ma yana da nasa: bai tsaya ta amsa ba. Wannan kuskure ne, kuma ka faɗa masa duk abin da ake faɗa wa mai kuskure. Ɗayan sunan dai ka cire masa shi, don ba nasa ba ne."

Auta yana tsaye ruwa yana bin gemun da ya tara. Ya ce, "Maigida, na yi sakaci. Hotunan Hajiya ta dalilina suka tafi. Ka yafe mini."

Mutumin ya kalli makullin da ke hannunsa. Sannan ya miƙa wa Auta. "Ka fara kai Baba gida, ya canja kaya," in ji shi. "Daga nan ka kai ni inda direbobi suke zama. A gaban mutane na ɓata ka, a gabansu zan gyara."

Ni da nake ji da bakina, sai na shiga bayan mota na yi kuka har muka isa.

Kwamfutar ba ta dawo ba har yau, kada wani ya ce na ƙawata labari. Baba kuma sai da ya yi jinyar ƙirji bayan ruwan nan, teburinsa ya daɗe a jingine. Da muka je gaishe shi, Inna ta fara jero godiya, ya katse ta da tambayar ko an faɗa wa masu gidan nan su sayi sabon boti mai murfi, kada wani ya sake faɗawa. Aka ce an faɗa. Sai ya tambayi Auta ko yanzu yana jan ƙofa bayan ya danna. Auta ya ce har ƙofar ɗakinsa yake ja. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kai ne ka ƙi yi mana ƙarya ranar da muka zo nemanta da hawaye, ka je ka nemo mana gaskiya da ƙafarka. Kai ne ka naɗe laima a cikin ruwa don sunan ɗan wani. Mai farin tawul a layin baƙin mai, na rasa da me zan kwatanta ka, don haka ba zan kwatanta ba. 'Yar Auta tana zuwa makaranta da kanta a ɗage, kuma ba ta san sunanka na gaskiya ba, Kaka Ta-Amsa take cewa.

Ku da kuke gyaran waya, da masu gyaran mota, da mu masu ɗinki, da duk wanda ake kawo wa abu a ce ya duba: in kun duba abin kun ga lafiyarsa ƙalau amma mai shi yana kuka, kada ku ce aikinku ya ƙare. Ku tambaye shi a ina, da yaushe, kuma yaya garin yake. In ta kama a tashi daga kan kujera, a tashi. Ku kuma masu mota, daga yau in kun danna ku tsaya, ku ji, ku ja ƙofa. Ba zai ci muku komai ba, ni kuwa na ga abin da rashinsa ya kusa ci.

Baba, shekara da shekaru kana tsaye a bakin titi kana tabbatar wa mutane an amsa musu. Mu kuwa muna karɓar makullanmu mu juya, ba wanda ya waiwaye ka. Kafin ka naɗe tawul ɗin nan, ka ɗan dakata kamar yadda ka koya mana. Ni da Inna, da Auta da iyalinsa, da duk wanda ka taɓa riƙe wa hannun riga, mun ji ka. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba idanunka sauƙi, Ya sa ka huta cikin jikokinka. Ka tafi gida da kwanciyar rai, Baba. Mun amsa.